Bashi da Haraji: Sinawa a Filayen Zinare na Biktoriya

A 1851, sa'ad da aka gano zinare a Ballarat da Bendigo, mutanen Biktoriya, yankin mulkin mallakar Ingila a kudancin Ostareliya, ba su wuce 77,000 ba. Kafin shekara goma ta cika sun haura 500,000. Cikin masu kwararowar har da Sinawa, galibinsu ƙauyawa daga lardin Guangdong, inda ƙarancin gona da tashe-tashen hankula suka hana talaka sakat. Zuwa 1859 sun kusa 40,000, kusan duka maza.

Abin da ya fi raba Basine da Bature a bakin rami shi ne bashi. Wani attajiri ko dangi ne suka biya masa kuɗin jirgi, bisa sharaɗin zai biya daga abin da ya haƙo, iyalinsa kuma na gida a matsayin lamuni. Mai irin wannan nauyi ba shi da halin yin caca da sa'a. Shi ya sa Sinawa suka riƙa aiki a ƙungiyance ƙarƙashin shugaba guda, suna sake wanke ƙasar da Turawa suka yi watsi da ita don tsintar abin da ya saura. Ribar kaɗan ce, amma ba ta yankewa. Nan kuma baƙin jininsu ya samo asali. Da zinaren saman ƙasa ya fara ƙarewa, wanda ya bar ramin jiya sai ya dawo yana cewa an cinye masa rabo. Aka zarge su da ɓarnar ruwa da kwashe dukiya zuwa Sin, kamar dai Baturen ba ya aika wa nasa dangin komai.

A 1855 gwamnati ta ɗora harajin fam 10 kan kowane Basine da ya sauka a tashar Biktoriya, ta kuma ƙayyade yawan waɗanda jirgi zai ɗauko. Dokar ba ta tsayar da kowa ba, domin mai bin bashi ba ya jira. Masu jirage suka koma sauke fasinja a Robe, cikin yankin da ke maƙwabtaka, mutane suka riƙa takawa a ƙasa fiye da kilomita 400. Abin ban dariya, wani ayari daga cikinsu ne ya gano zinaren Ararat a kan hanya a 1857.

A shekarar ce aka far wa Sinawa a kogin Buckland, aka ƙone bukkokinsu. Aka sake yi a filin zinare na Lambing Flat, wajen Biktoriya, a 1861.

Da yawa sun koma gida. Waɗanda suka zauna suka kama noman lambu, aikin kafinta da tireda. A ganina harajin 1855 ya fi tarzomar illa, domin shi ya koya wa 'yan majalisa tantance baƙo da launin fata, kuma kan wannan turba aka yi dokar 1901 da ta rufe wa 'yan Asiya ƙofar Ostareliya shekaru da dama.