Yadda Magani Ke Kaiwa Ƙuryar Ido

Ido kamar ɗaki ne mai taga. Haske yana shiga ta gaba, ya faɗa kan wani tantani a can ƙuryar ido. Likitoci suna kiransa retina. Da shi muke gani.

Ciwon sukari yana ɓata wannan tantani. Ƙananan jijiyoyin jini sai su riƙa yoyo, tantanin ya kumbura, gani ya dushe. Tsufa ma yakan kawo irin wannan.

To, yaya magani zai kai can? Maganin ɗigawa ba ya isa, gama hawaye yakan wanke yawancinsa. Na haɗiya kuwa kaɗan ne ke ratsawa daga jini zuwa wurin.

Saboda haka likitan ido yakan yi allura. Da fari ya ɗiga maganin kashe zafi, ya tsabtace idon. Sa'an nan ya sa siririyar allura ta farin ido, ya zuba magani kamar ɗigo ɗaya. Maganin yana tsai da yoyon. A shekarar 2006 aka amince da wani irinsa a Amurka. Ƙarfinsa yakan ƙare, don haka da farko akan maimaita kowane wata.

Jama'a, kada mu ɗiga ruwan ganye a ido, ba zai kai inda cutar take ba. Mai ciwon sukari ya je asibiti a duba idonsa kowace shekara, ko ba ya jin ciwo. In mun makara, ganin da ya tafi da wuya ya dawo.