Hoton da aka goge a waya: wanda ke dawowa da wanda ya tafi ke nan

A Matankari da ƙauyukan da ke bakin Dallol Mawri, wayar salula ta zama akwatin takardun gida. A cikinta ake ajiye hoton takardar haihuwar yaron da za a sa makaranta, da rasiɗin kuɗin da ɗan cin rani ya turo ta Nita ko Amana daga Yamai ko Agadas, da hoton bajimin da aka ba makiyayi kiwo, da takardar maganin da likita ya rubuta a Dogon Dutsi. Akwai kuma abin da kuɗi ba ya saye, kamar fuskar tsohuwar da ta riga mu gidan gaskiya, wadda ba a taɓa wanke hotonta a takarda ba.

Waɗannan hotuna kuwa ɓacewarsu ba wuya. Yaro ya karɓi waya don ya yi wasa, ya danne hoto ɗaya, ya zaɓi duka, ya taɓa alamar shara. Ko waya ta dami mai ita da cewa wuri ya cika, ya buɗe manhajar share-share, ya amsa duk abin da ta tambaye shi ba tare da ya karanta ba, don da Faransanci ta yi tambayar. Sai bayan sallar isha'i, an zo nuna wa baƙo hoton suna, a ga wayam.

Abu na farko a irin wannan lokaci shi ne a dakata da wayar. Kada a ɗauki sabon hoto, kada a sauke bidiyo, kada a karɓi waƙoƙi daga wayar aboki. Dalili shi ne, sau da yawa gogewa ba ta ƙone hoto nan take. Waya tana cire sunansa daga lissafinta ne kawai, ta ce wurin da yake zaune ya zama na kowa. Kamar gonar da aka ce ba ta da mai ita ce: geron yana nan tsaye har ranar da wani zai shigo da garma. Kowane sabon abu da ya shiga wayar yana iya sauka a daidai wurin tsohon hoton, kuma in ya sauka, babu gwanin da zai fito da na ƙasa.

Daga nan sai a leƙa kwandon shara na wayar. Mutane da yawa ba su san yana nan ba, alhali a nan ne mafi yawan hotunan da ake kuka a kansu suke kwance. A wayar da aka saita da Faransanci, sunansa Corbeille, a iPhone kuma Supprimés récemment. Wanda bai iya karatun boko ba ya nemi zanen ɗan kwando mai murfi a cikin wurin kallon hotuna, galibi a bayan ɗigo uku ko layi uku da ke kusurwa. Samsung da iPhone suna riƙe hoton da aka goge har kwana 30 kafin su zubar da shi gaba ɗaya. Wayoyin Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka fi yawa a aljihun mutanenmu, su ma na baya-bayan nan suna da irin wannan wuri. In hoton yana ciki, a danne shi, a taɓa Restaurer, ya koma mazauninsa. Ba a biyan ko dala, ba a buƙatar mega. Waya ɗaya kuma takan iya samun kwando fiye da ɗaya: na wurin hotuna daban, na manhajar Google Photos daban, na manhajar Files daban. A bi su duka. Wanda ya ƙirga kwana 30 daga ranar gogewa bai yi kuskure ba, ko da wata manhajar tana ƙara wa'adi.

In kwando bai ba da komai ba, a tuna ta inda hoton ya shigo. Yawancin hotunan da ke wayoyinmu ta WhatsApp suka zo, ko ta nan suka fita. Hoton bikin da ya ɓace a Matankari yana nan a wayar yaya da ke Kwanni, ko a zauren dangi da aka tura shi. A buɗe hirar a duba. Wani lokaci hoton yakan bayyana dishi-dishi da alamar kibiya, a sake sauke shi. In ya ƙi, a kira wanda aka tura wa ya mayar. Gaskiya ne WhatsApp yana rage kyan hoto don ya yi sauƙin tafiya, amma rasiɗin kuɗi in dai lambobinsa na karantuwa, ya biya buƙata.

Sai maganar Google. Kusan kowace wayar Android an buɗe mata adireshin Gmail ranar da aka saye ta, kuma kowane adireshi yana zuwa da wurin ajiya na giga 15 kyauta a intanet. In an kunna ajiyar hotuna a Google Photos, to ko wayar ta faɗa rijiya, hotunan suna can. Sai dai a nan ne nake ganin babbar asararmu. Mai sayar da waya ko wani yaro a kasuwa shi ke buɗe adireshin, shi ke zaɓar kalmar sirri, mai waya ya tafi gida bai san sunan adireshin ba balle makullinsa. Ranar da wayar ta mutu, hotunan suna nan lafiya lau, mai su ba shi da hanyar shiga. In kuma lambar da aka ɗaura adireshin a kai ta daɗe ba a aiki da ita, ko ta Airtel ce, ko Moov, ko Zamani, kamfani yana iya mayar da ita kasuwa, saƙon tabbatarwa ya riƙa zuwa wayar wani baƙo. Google ma ya sanar cewa daga watan Disamba na 2023 yana iya share adireshin da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba. Wani tarko kuma: in ajiyar tana kunne, ka goge hoto daga cikin Google Photos, ka goge shi ne a waya da can sama gaba ɗaya.

In duk waɗannan hanyoyi ba su ba da komai ba, abin da ke raba hoton da ake iya cetowa da wanda ya tafi shi ne inda aka ajiye shi, a katin memori ko a cikin wayar kanta.

Na katin memori yana da dama sosai. A kashe waya, a zare katin, a naɗe shi a takarda, a kai inda akwai kwamfuta. Da ɗan abin karanta kati da manhajar kyauta irin su PhotoRec, wadda wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ya rubuta, ko Recuva, ana tono hotunan da aka goge, har ma daga katin da aka wanke, wato aka share shi gaba ɗaya, muddin ba a zuba sabon abu a kai ba. Hotunan kan fito ba suna, ba tsari, na bara da na jiya a cakuɗe, wasu rabi a bayyane rabi toka-toka. Abin lura biyu ne. In kwamfuta ta ce katin yana buƙatar wanki kafin ta buɗe shi, a ce a'a. Kuma abin da aka tono a zuba shi a kwamfutar ko a wani kati, kada a mayar da shi kan katin da ake tonowa, don zai danne sauran da ba su fito ba.

Bari in ɗan ratse kan katunan da kansu. Akwai na jabu da yawa a kasuwa, a rubuta giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai kusa da haka ba. Irin wannan kati yana karɓar hotuna yana nuna kamar komai lafiya, sai an wuce ainihin girmansa sababbi su riƙa lalacewa ko su danne tsofaffi. Mai shi ya ce an goge masa hotuna, alhali ba su taɓa zama daidai ba. Wannan ba ya tonuwa. Kati mai girma da araha fiye da kima, a bar shi a tiren mai shi.

Na cikin waya kuwa labari ne daban, kuma gara a faɗi gaskiya. Wayoyin zamani suna kulle duk abin da ke cikinsu da rubutun ɓoye. Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, wannan ya zama dole ga sababbin wayoyi, iPhone kuma ta riga su. Ban da haka, wayar da kanta tana bin wuraren da aka goge tana sharewa a ɓoye don ta ci gaba da sauri. Saboda haka hoton da ya bar kwandon shara, kuma ba shi a Google ko a wayar wani, da wuya ƙwarai ya dawo. In kuwa an mayar da wayar kamar sabuwa, ko an yi mata filashin, wato an sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da ita, makullin rubutun ɓoyen ya tafi da komai.

To ina batun manhajojin nan masu alkawarin dawo da hoton shekara biyar cikin minti ɗaya? Masu ɗan gaskiya a cikinsu abin da suke samowa shi ne ƙananan kwafin da waya ke yi don nuna hotuna a jere. Za ka ga fuskar, in ka buɗa ta sai ta tarwatse. Wani lokaci hakan ma abin godiya ne, in hoton mamaci ne. Sauran kuwa talla ce zalla, suna cinye mega, suna nuna maka hotunan da ba ka taɓa gogewa ba a matsayin waɗanda suka ceto, sannan su nemi kuɗi. Mafi muni su ne waɗanda ake turowa ta WhatsApp a ce a sauke. Manhajar neman hoto da ta nemi izinin karanta saƙonninka da lambobin mutanenka, me ya haɗa ta da su? A cikin saƙonnin nan ne lambobin sirri na kuɗi ke shigowa. Haka nan duk wanda ya ce a Facebook ka turo masa kalmar sirrin Gmail ko lambobi 6 da WhatsApp ya aiko maka don ya dawo maka da hotuna daga nesa, ɓarawo ne, ba sai an yi dogon bincike ba.

Mai gyaran waya yana da amfaninsa, kuma da yawansu mutanen kirki ne masu neman halal. Amma a san abin da aka je nema. Wayar da gilashinta ya fashe, hotunanta suna nan, gilashi kawai za a sauya. Wadda ta sha ruwa, a kashe ta, kada a sa ta caji, a kai ta da wuri. Kalmar da ya kamata a ji tsoro a teburin mai gyara ita ce filashin. Yakan ɗaga wayar, ya jujjuya ta, ya ce, “Alhaji, wannan sai filashin.” Kafin ka ce to, tambaye shi a fili: “Malam, in ka yi, hotunana suna nan?” Amsar gaskiya ita ce ba sa nan. Mutane da yawa da suka manta zanen buɗe waya sun karɓo ta tana aiki sumul, cikinta fayau.

Sauƙin tonon katin memori da na ambata a baya yana da wata fuska, kuma ita ce ta fi tayar mini da hankali. Abin da kai za ka iya tonowa, wani ma yana iya tonowa. A 2014 kamfanin Avast ya sayi tsofaffin wayoyin Android 20 a kasuwar intanet ta eBay, waɗanda masu su suka tabbata sun share, ya fito da hotuna fiye da 40,000 daga cikinsu, har da ɗaruruwan hotunan tsiraici. Wayoyin yanzu sun fi na wancan lokaci tsaro, amma katin memori galibi ba a kulle yake ba, kuma tsofaffin wayoyi suna nan suna yawo hannu zuwa hannu a garuruwanmu. Matar aure ta ɗauki hoto don mijinta da ke cin rani, ta goge, ta ɗauka magana ta ƙare. Bayan wata shida ta ba ƙanenta katin ya zubo mata wa'azi ko fim a shagon caji. Wanda ke zaune gaban kwamfutar nan, in ba ya tsoron Allah, mintoci kaɗan sun ishe shi. A gari irin Matankari, inda kowa ya san gidan kowa, hoto ɗaya ya isa ya kashe aure.

Don haka kati ba ya bin waya zuwa wurin gyara, ba ya bin ta wurin caji, ba ya bin ta in an sayar. A zare shi tare da layin. Katin zuba finafinai ya zama daban da katin hotunan iyali. Wanda zai sayar da waya ya fara kwashe abinsa, ya cire adireshin Google, sannan ya mayar da ita kamar sabuwa daga wurin saiti. In gyaran ba ya buƙatar buɗe waya, kada a ba da lambar buɗewa. In yana buƙata, a tsaya a wurin, ko mace ta tura muharraminta ya tsaya. Mai gyaran da ya ji haushin haka, a canza shi.

Wanda kuma aka riga aka tono masa hoto ana yi masa barazana da shi, ya sani doka tana bayansa. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun watan Yuli na 2019, wadda ta haramta yaɗa abin da ke zubar da mutuncin ɗan Adam, kuma gyaran da aka yi mata a watan Yuni na 2024 ya dawo da hukuncin ɗauri a kan haka. Akwai kuma hukumar kare bayanan mutane, HAPDP, a Yamai. Kada a biya mai barazana, don wanda ya karɓa sau ɗaya zai dawo. Kada kuma a goge saƙonninsa cikin fushi ko kunya, su ne hujja. A ɗauki hotonsu, a riƙe lambarsa, a sami babba a gida wanda aka yarda da shi, a tafi wurin jandarma ko 'yan sanda. Masu tura irin wannan hoto gaba zuwa wani zaure su ma su sani, yaɗawa ce dokar ta ambata, ba ta tsaya kan wanda ya fara ba.

Aikin da ya rage na yau ne, tun wayar tana da rai. A nemi wanda ya iya, ya duba sunan adireshin Gmail da ke cikinta, a sauya kalmar sirri, a ɗaura shi kan lambar da ake amfani da ita kullum, a rubuta duka a takarda a sa inda ake ajiye takardun gona. Mega tana da tsada, ba kowa ke iya tura dukan hotunansa sama ba, kuma ba dole ba ne. A zaɓi masu muhimmanci, takardu da rasiɗai da fuskokin iyaye, a tura su da dare lokacin da layi ya fi sauƙi, a kuma tura kwafi ga ɗan'uwa ɗaya amintacce. Hoton tsoho ko tsohuwa kuma, duk ranar da aka shiga Dogon Dutsi ko Doso, a biya wurin mai hoto a wanke shi a takarda.