3.2 Albashin Farawa da Ƙarin Girma na Sababbin Injiniyoyi a Masana'antun Nijeriya

A wannan sashe za a duba yadda ake yanke wa sabon injiniya albashi idan ya kama aiki a masana'anta, da hanyoyin da yake bi ya sami ƙarin girma. Kafin a shiga cikin batun, ya kamata a waiwayi tsarin aikin gwamnati, domin da shi ake gwada na kamfanoni.

Tun bayan rahoton Kwamitin Udoji na shekarar 1974, aka kasa ma'aikatan gwamnati mataki-mataki, daga na 1 zuwa na 17. Mai digirin farko yakan fara ne daga mataki na 8 bayan ya gama hidimar ƙasa. Daga nan har zuwa mataki na 14, sai ya shekara 3 a kan kowane mataki kafin ya cancanci ƙarin girma.

A masana'antu kuwa babu irin wannan tsari na bai ɗaya. Kowane kamfani da nasa ma'auni. Saboda haka injiniyoyi biyu da suka gama jami'a rana ɗaya, in wannan ya shiga kamfanin mai, wancan kuma ya shiga ƙaramar masana'antar robobi, albashinsu ba zai zo kusa da juna ba. Galibi akan ɗauki sabon injiniya a matsayin mai koyon aiki, ya yi zaman gwaji, sannan a tabbatar masa da aikinsa. Wanda aka ɗauka ta hannun ɗan kwangila kuwa, yana iya shafe shekaru ba tare da an ɗora shi a kan matakan ƙarin girma na kamfanin ba.

Abubuwa biyu ne suka fi tasiri wajen ƙarin girma. Na farko shi ne rahoton da shugaban sashe ke rubutawa a kan ma'aikaci kowace shekara. Na biyu kuma rajista da hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970. Hukumar ba ta yi wa mutum rajistar cikakken injiniya sai ya sami gogewar aiki ta aƙalla shekara 4 bayan digiri. Ke nan, wanda aka ajiye shi yana aikin da bai shafi fanninsa ba, an jinkirta masa wannan rajista.

Bugu da ƙari, wajibi ne a bambance ƙarin albashi da ƙaruwar darajarsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya tashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Amma a 2024 ɗin hauhawar farashin kaya ta haura kashi 30 cikin 100. Alal misali, injiniyan da aka ƙara wa kashi 10 a irin wannan shekara, abin da albashinsa zai iya saye ya ragu da kimanin kashi 15.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kuɗin da aka rubuta a takardar kama aiki bai isa a auna makomar sabon injiniya ba. Sai an haɗa da matsayin aikin, wato na dindindin ne ko na kwangila, da irin gogewar da zai samu, da kuma ko ƙarin da ake yi masa yana cim ma tsadar rayuwa.