Kafin Ka Sayi Tsohuwar Mandola

Mandola yayar mandolin ce: ta fi ta girman jiki da tsawon wuya, tsirkiyoyinta takwas a jere biyu-biyu. A Amurka ana ɗaure ta a kan C-G-D-A, amma a Italiya da Jamus sunan kan nufi wadda ta fi wannan kaurin murya, mai G-D-A-E. Don haka mai saye ya fara tambayar wacce ake nufi.

Muryarta ba ta da tsinin ta mandolin. Tana da kauri da zurfi, amon kuma kan ɗan jima kafin ya mutu. To, a nan ake cin kasuwar mutane. Kunne ya ji daɗi, sai ido ya manta aikinsa, alhali mandolar da ke dab da lalacewa ma tana iya yin zaƙin murya.

Ɗauki misalin waɗanda kamfanin Gibson ya ƙera a Kalamazoo, jihar Mishigan, samfurin H-1 da H-2 da H-4. Da yawansu sun haura shekara 100, kuma duk tsawon wannan lokaci tsirkiya takwas na danne fuskarsu ta kan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyin ke hawa. Abin da ke tallafar fuskar daga ciki ɗan siririn katako ne guda, a gicciye kusa da ramin amo, an manna shi da gam na fatar dabba. Gam ɗin na saki, sai fuska ta fara lotsawa a hankali, mai ita ya yi ta ɗaga jaki bai san dalili ba. Ka ɗaga mandolar daidai ido, ka dube ta ta gefe: doronta na nan, ko ya kwanta a ƙarƙashin jaki? Ka zura ɗan madubi da tocila ta ramin. In katakon ne kawai ya saki, gyaran ba wuya. In fuskar ta riga ta zauna, aiki ne na ƙwararre, kuɗinsa ma kan kusa na sayen.

Haka wuya. Sai wajen 1922 Gibson ya fara sa ƙarfen da ake murɗawa a miƙe wuya. Waɗanda suka riga wannan, in sun lanƙwashe, babu abin murɗawa. Za ka gane ta yadda tsirkiya ke nisa da katako har yatsa ya yi ciwo. Masu ƙoƙon baya irin na Napoli kuwa, kamar na gidan Calace, ba sa jure tsirkiya mai kauri ko kaɗan.

Tsagewa ita ke tsorata masu saye, ni kuwa ba ta cika damuna ba. In ta bi jijiyar katako, akan manne ta a ƙarfafa ta daga ciki. Zizar da ake ji wani lokaci ma daga ƙananan ƙarafan da ke gicciye a kan wuya ne da suka cinye, ko jakin da ya goce, tunda ba a manne yake ba.

Ɓarnar da ba ta gyaruwa ita ce ta mai son ƙyalli, wanda zai kankare tsohon fenti ya shafa sabo, ko ya ɗura wa tsaga sufa-gulu. Darajarta ta faɗi ke nan. Wanda kuma ya kawo ta ƙasarmu ya yi hattara da hunturu: katakon na son laimar iska kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, saboda haka a akwatinta za ta zauna, da ɗan soso mai danshi a cikin roba mai huji.