Ɗalibanmu Sun San Hukuncin Taimama, Shin Sun San Ƙasar?

Babu ɗalibin Islamiyya da zai sauke Ahalari bai san cewa ƙasa mai tsarki tana tsayawa a madadin ruwa ba. Mun koya masa yadda zai ɗora tafukansa a kanta, ya shafi fuska da hannaye. Abin da muka bari a baya shi ne mu sa shi ya damƙi ƙasar, ya murza ta, ya gane ko tana da sauran ƙarfin ciyar da gidansu.

Alhali kuwa addini bai ɗauki ƙasa abu guda ba. Aya ta 58 a Suratul A'araf ta buga misali da bambancin da ke tsakanin ƙasa mai albarka da wadda tsironta ba ya fita sai da ƙyar. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito cewa an halicci Annabi Adamu (AS) daga damƙin da aka tattaro a sassan ƙasa duka, shi ya sa zuriyarsa ta bambanta a launi da ɗabi'a. Manomanmu ma sun daɗe da rarrabe jigawa da fadama da fako.

Darasin ba ya cin kuɗi. Bayan girbi, malami ya fita da ɗalibai gonar makaranta ko ta wani uba, da fartanya da bokitin roba mai tsabta. Su ratsa gonar a karkace, su ɗebi ƙasa a wurare 10 zuwa 15, zurfin santimita 20, wato kimanin taƙi guda. Su kauce wa suri, da gurbin juji, da gindin gawo, domin ƙasar waɗannan wurare ta fi sauran ƙarfi, za ta yi wa gonar shaidar zur. A cakuɗa, a shanya a inuwa.

Daga nan sai a zuba ƙasar a kwalba mai faɗin baki, a ƙara ruwa da ɗan garin sabulu, a girgiza sosai, a ajiye. Cikin minti ɗaya rairayi zai kwanta. Bayan sa'o'i biyu sai ƙasa mai laushi ta hau kansa. Yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko biyu. Yaron da ya ga rairayi ya cinye mafi yawan kwalbar zai fahimci dalilin da ya sa takin zamanin da mahaifinsa ya ci bashi ya saya yake bin ruwan sama ya zurare, da dalilin da ya sa gonar ta fi bukatar takin gida da karan da ake ƙonewa duk shekara. Idan kuma wuta-wuta ta mamaye dawa, yawanci alama ce ta ƙasa ta gaji.

Kwalba ba ta faɗin komai da komai. Tsamin ƙasa da sinadaran da suka ƙaranta sai ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya. Rabin kilo ya isa a aika, a rubuta sunan gona da ranar ɗiba a jikin ledar, kuma a yi hakan tun da rani, domin sakamako ya iso kafin a fita kasuwa sayen taki.