Akwati Mai Kwaɗo Uku

Sau da yawa in mun zo duba aji a ƙauye, bayan an tashi sai wani dattijo ya ja mu gefe ya ce, "Malam, waɗannan masu farar mota da ke zuwa suna rubuta sunayen mata, su wane ne? Na gwamnati ne? Me za su ci a ciki?" An yi mana wannan tambaya a ƙasar Gusau, an yi mana a Tsafe, an yi mana a Bunguɗu. To, yau ga amsa. Ku karanta a hankali, wanda ya gama ya karanta wa na kusa da shi.

Yawancinsu ba na gwamnati ba ne. Ƙungiyoyin taimakon jama'a ne, watau waɗanda ba a kafa su don ciniki ko neman riba ba. Waɗansu na nan gida ne, waɗansu daga ƙasashen waje su ke. Kuɗin da su ke aiki da su kuwa gudummawa ce ta mutane, ko ta gwamnatocin waɗansu ƙasashe. Ma'aikatansu suna karɓar albashi kamar ko wane ma'aikaci, amma abin da aka ware don talaka ba nasu ba ne, ba su da ikon sayar da shi. Ba sa shiga gari sai da sanin hukuma da hakimi da dagaci.

Taimako iri biyu ne. Akwai na gaggawa, kamar in gobara ta ci gari, ko an kori mutane daga gidajensu, a kawo musu hatsi da bargo da magani. Wannan na ceton rai ne, amma buhu ɗaya bai kai mutum kaka ba. Akwai kuma wanda a ke yi don mutum ya sami abin yi, ya tsaya da ƙafarsa. A kan wannan na biyu za mu fi yin magana.

Bari mu fara da abin da ya faru a nan kusa da mu. Daga 2013 zuwa 2019 an yi wani shiri a ƙananan hukumomi biyar. Biyu a Jihar Zamfara, watau Tsafe da Anka. Uku a Jihar Jigawa, watau Buji da Gagarawa da Kirikasamma. Gwamnatin Ingila ce ta ba da kuɗin. Ƙungiyar Save the Children ta riƙe aikin a Zamfara, Action Against Hunger ta riƙe na Jigawa. Ga yadda a ke yi. Mace in ta sami ciki, aka gwada aka tabbatar, sai a rubuta sunanta, a ɗauki zanen yatsanta. Daga nan ko wane wata za a ba ta naira 3,500 a hannunta, har abin da ta haifa ya cika shekara 2. A 2017 aka ƙara kuɗin suka zama naira 4,000. Ba a ce mata ga abin da za ta saya ba. Amma tare da kuɗin akwai koyarwa: mai ciki ta riƙa zuwa awo, kada a matse dakashi a zubar, a ba jariri nono zalla har wata 6, bayan nan a haɗa masa da kunun da aka sa wa gyaɗa ko waken suya.

Da za a fara, mutane da yawa sun ce aikin banza ne. Waɗansu suka ce maigida zai karɓe. Waɗansu suka ce biki da anko za su cinye. Masu shirin ba su tsaya gardama ba, sai suka gwada. Suka ɗauki ƙauyuka 210, suka yi ƙuri'a. Waɗansu ƙauyuka suka fara karɓa tun da wuri, waɗansu aka ce su dakata sai daga baya. Don me aka yi haka? Kun san in manomi yana son ya gane amfanin taki, ba ya zuba wa gona duka. Rabi zai zuba wa ya bar rabi, da kaka ya dubi bambanci. Haka nan aka yi. Aka riƙa auna tsawon yara da nauyinsu a ƙauyukan nan duka.

An buga sakamakon a 2021. A ƙauyukan da suka fara karɓa, yawan yaran da suka tsumbure ya ragu da kimanin kashi 8 cikin 100. Ba duka suka tsira ba, amma ba abin rainawa ba ne. An kuma ga yawanci matan ne da kansu su ke riƙe kuɗin. Abin da ya fi burge mu shi ne, ba su cinye duka ba. Da yawa sun rage sun sayi akuya ko tunkiya, waɗansu suka ja jari suka kama sana'a a cikin gida. Ashe dai ba dabara ce talaka ya rasa ba, jari ya rasa.

Amma fa shirin ya ƙare. Ko wane shiri irin wannan yana da ranar ƙarewa, tun ran da aka fara shi an rubuta ta. Mota ta tafi, kuɗin wata suka tsaya. Wadda ta sayi akuya tana nan da 'ya'yan akuyarta. To, wadda ba ta shiga ba fa? Ƙauyen da ba a taɓa zuwa ba fa? Za su zauna ne suna duban hanya?

Nan ne labarin 'yan'uwanmu na Maraɗi ya shigo. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani aiki da matan ƙauyukan ƙasar Maraɗi, a Jamhuriyar Nijar. Sunan aikin da Hausa aka sa shi, Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. Adashin nan da iyayenmu mata suka saba yi, shi aka ɗauka aka gyara. Da farko ko littafi ba su da shi, ko wace tana zuba daidai da 'yar'uwarta, suna riƙe lissafi da ka. Daga Maraɗi abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka har da wajenta, mutane miliyoyi suna yinsa. Abin da aka fara a ƙasar Hausa ke nan.

Ina bambancinsa da adashi? A adashi, ko wane zubi mutum ɗaya ke kwashewa, kai kuwa sai ka jira layinka, ko da ɗanka na kwance ba lafiya. A nan kuɗin ba a kwashe su, a akwati su ke taruwa. Mai bukata ya ranta ya biya. In shekara ta zagayo a fasa, kowa ya ɗauki nasa gwargwadon abin da ya zuba.

Mu ɗauki misali. A ce mata 20 ne a wani ƙauye kusa da dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙasar Bunguɗu. Suka shirya ko wace Laraba da hantsi za su haɗu, ko wace ta kawo naira 500. Ku ɗauki alli ku buga. A mako ɗaya naira 10,000 ke nan. A mako 4, naira 40,000. A mako 50, naira 500,000. Wace ce a cikinsu ta taɓa riƙe rabin miliyan? Da yayyafi kogi kan cika.

Sai su zaɓi shugaba, da magatakarda, da mai ajiye akwati, da masu ƙirga kuɗi biyu. Akwatin na ƙarfe ne, an yi masa wurin kwaɗo uku. Mabuɗan nan uku a hannun mata uku su ke, daga gida uku dabam dabam, ita mai ajiye akwatin ba ta da ko ɗaya. Saboda haka ba a iya buɗe shi sai a gaban kowa. In maigidanta ya zo da dare ya ce ta ba shi aron dubu biyar zuwa ranar kasuwa, sai ta nuna masa kwaɗon nan uku. Ba ta yi masa rashin kunya ba, kuɗin jama'a kuma sun tsira. Ku lura da wannan ƙwarai, domin kunya ta kashe adashi fiye da sata.

Bayan 'yan makonni sai a fara ba da rance. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, ba a ranta wa mutum fiye da ninki uku na abin da ya zuba, kuma ya biya cikin wata 3. Wadda ta zuba naira 5,000 tana iya rantar 15,000. Ta sayi gyaɗa da kaka tun tana da araha, ta yi ƙuli-ƙuli, ta sayar da mai. Wata ta sayi kalwa ta yi daddawa. Wata ta sayi ɗan rago ta turke don babbar salla. Ban da zubi, akwai wata 'yar jaka dabam a cikin akwatin, kowa yana jefa naira 50. Wannan ba ta rance ba ce. Ta ranar wuya ce, in an yi rasuwa, ko naƙuda ta yi tsanani ana neman kuɗin mota zuwa asibitin Gusau.

Za ku ce, ina maganar riba? Gaskiya ne, a waɗansu wurare mai rance yana ɗora wani abu a kai in zai biya. Mu a nan wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai hanyar da a ke bi a kauce mata. Waɗansu rance su ke bayarwa ba ƙari ko kwabo. Waɗansu ƙungiyar ce ke sayen buhun gyaɗa da kuɗinta, ta sayar wa 'yar ƙungiya a kan farashin da aka yi ciniki, ta biya sannu a hankali. Kafin ku rubuta dokokinku, ku zauna da malaman garinku ku tambaye su.

Mun taɓa ganin inda abin ya lalace, ba za mu faɗi sunan garin ba. Maza ne su 25, sun yi akwati, sun yi kwaɗo uku, komi daidai. Amma mutum ɗaya ne kaɗai ya iya karatu a cikinsu, shi ne magatakarda. Wanda ya kawo dubu biyu sai ya rubuta masa dubu ɗaya, ya ɗora ragowar a kan sunan ƙanensa. Kuɗi suna nan cikin akwati cif, ba wanda ya taɓa su. A littafi aka yi satar. Ranar fasawa aka tashi baram-baram, har yau waɗansu ba sa gaisawa. Shi ya sa mu ke matsa muku a kan lambobi. Ko ba ka iya rubuta wasiƙa ba tukuna, ka iya gane sunanka, ka iya bambanta 1,000 da 10,000. Magatakarda kuma ya riƙa faɗin abin da ya rubuta da ƙarfi, kowa ya ji.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi wuya. In za a kafa ƙungiya, mutane sukan tsinci masu ɗan hali, su bar waɗanda suka fi kowa bukata. Makaho ba a kira shi ba. Gurguwa an ce ba ta iya zuwa taro. Kurma an ce ba ya jin abin da a ke faɗi. Wanda kuturta ta taɓa, an ƙi haɗa kuɗi da shi. Alhali kuwa kuturta tana warkewa, maganinta kyauta ne, a sha wata 6 ko wata 12, wanda ya fara sha kuma ba ya sa wa kowa. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar ƙasa wadda ta hana nuna wa naƙasasshe bambanci. Amma doka tana Abuja, tabarmar taro tana ƙofar gidanku. In gurguwa ba ta iya zuwa, ku kai taron gidanta. Makaho yana iya igiya, yana iya kiwon kaji, lissafi da ka kuwa ya fi da yawanmu. A garuruwanmu akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun zamanin da, su suka san mutanensu, a bi ta hannunsu.

Haka kuma matan da aka kashe mazansu, da waɗanda ɓarayin daji suka kora daga ƙauyukansu suka zo suka raɓe a Gusau ko Tsafe. Baƙi ne, ba wanda zai tsaya musu, don haka ba mai ba su bashin ko mudu ɗaya. Da Bafillatanar da ke kawo muku nono shekara da shekaru, wadda ita ma an kore shanun gidansu. In naira 500 ta fi ƙarfinsu, ku rage zubin ya zama 100, wanda ya ke da hali ya zuba biyu ko uku har biyar, a rubuta wa kowa nasa.

Ba mu manta da halin da a ke ciki ba. A watan Satumba na 2021 an rufe kasuwannin mako a jihar nan, aka kuma yanke layukan waya, saboda rashin zaman lafiya. Masu ƙananan sana'a sun sha wuya a lokacin. Saboda haka kada ku bar kuɗi masu yawa su kwana a akwati. Ku ranta su fita, kuɗin da ke hannun mutum 15 sun fi wuyar sata. In sun taru da yawa gab da fasawa, ku kai banki da sunan ƙungiya, mutum uku su sa hannu. Kada a yi shelar ranar fasawa a kasuwa.

In kuwa wani ya zo da takarda ya ce shi wakilin ƙungiya ne, a kawo naira 2,000 kuɗin fom za a ba ku jari, kada ku ba shi. Ku tambaye shi sunan ƙungiyarsa da inda ofishinta ya ke, ku rubuta a littafinku. Ku ce ya zo ku tafi tare wurin dagaci.