FASHIN BAƘI: Abin da ya haɗa cinikin masara a Funtuwa da masu gyaran Linux

Idan kaka ta yi, ɗan kasuwar da ya sayi masara a Funtuwa ko Dandume kan tura wa manomi kuɗi ta waya, manomin kuma ya cire su a wurin mai POS a Malumfashi. Wannan saƙon kuɗi yana ratsa manyan kwamfutoci da ke cibiyoyin adana bayanai. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna wa yankin yadda kasuwa ke tsayawa cak idan hanyar ta cushe.

Da yawan irin waɗannan ayyuka a yau ba a kan kwamfuta guda sukutum suke gudana ba. Ana kasa babbar kwamfuta ɗaya zuwa ƙananan kwamfutoci na manhaja, kowacce tana ɗaukar kanta mai cin gashin kai. Masana na kiran babbar mai masauki, ƙananan kuma baƙi.

Wane ne ke rabon?

A manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, sashen da ke wannan aiki shi ne KVM. Avi Kivity ne ya rubuta shi a kamfanin Qumranet, aka shigar da shi cikin Linux a fitowar Fabrairun 2007. Ya dogara ne ga fasahar da Intel ya sa a ƙwaƙwalwar kwamfutocinsa a 2005, AMD kuma a 2006. Google da Amazon duk sun gina hayar kwamfutocinsu ta intanet a kan KVM.

Aikin ya yi kama da na mai injin niƙa. Inji ɗaya ne, masu niƙa da yawa. Kafin ya karɓi dawar wata bayan masarar wata, sai ya kakkaɓe injin, ya ba kowa garinta cif. Haka KVM ke yi: duk lokacin da zai karɓe ƙwaƙwalwar daga wata baƙuwa ya miƙa wa wata, sai ya adana lissafin ta farko, ya ɗora na ta biyu, cikin ƙasa da ƙiftawar ido.

Idan sabuwar fasaha ta fito

Kowace baƙuwa, da zarar ta tashi, takan tambayi ƙwaƙwalwar abin da ta iya ta hanyar wani umarni mai suna CPUID. Mai masaukin ne ke tare tambayar ya ba da amsa. Saboda haka ko an sayi sabuwar na'ura, baƙuwa ba za ta san da sabuwar fasahar ba sai an koya wa KVM abubuwa uku: yadda zai sanar da ita, yadda zai adana lissafinta, da yadda zai hana ta zama kafar leƙen maƙwabta.

Misali shi ne AMX, fasahar Intel mai saurin lissafin ƙirƙirarriyar basira, wadda ta shiga kasuwa a Janairun 2023. Ta zo da sababbin ma'ajiyai takwas masu ɗaukar kilobait 8 gaba ɗaya, kuma dole a kwashe su a duk canjin hannu. Masu gyaran Linux sun riga na'urar isowa: a fitowar Maris 2022 aka buɗe wa baƙi ƙofar amfani da ita.

Akwai kuma batun ƙaura. Ana iya ɗauke baƙuwa daga wata na'ura zuwa wata tana tsakiyar aiki. Idan an faɗa mata akwai wata fasaha, sannan aka kai ta tsohuwar na'urar da ba ta da ita, aiki zai rushe nan take. Shi ya sa masu kula da cibiyoyi kan ɓoye sababbin fasahohi da gangan, su daidaita kowa da mafi tsufa. Tafiyar ayari, da takun raƙumin baya ake auna ta.

Inda sirri ke shiga haɗari

A Janairun 2018 aka bayyana ɓarakar Spectre da Meltdown, wadda ta nuna cewa manhaja na iya leƙen bayanan wata ta cikin ƙwaƙwalwar kanta. Wani ɓangare na maganin ya zo a matsayin sababbin umarnin kariya, kuma baƙuwar da mai masaukinta bai sanar da ita ba ta zauna ba tare da su ba. Daga baya AMD ya kawo SEV-SNP, Intel ya kawo TDX, domin rufe bayanan baƙuwa har ga mai masaukin. KVM ya karɓi na farko a 2024, na biyu a 2025.

Wannan ya shafi duk mai lambar BVN ko NIN. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su, kuma sabunta mai masauki na cikin wannan alhaki.

Rabon tsofaffin kwamfutoci

Shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa a Funtuwa da Malumfashi, waɗanda yawancinsu ke aiki da kwamfutocin hannu, suna gefe guda na wannan lamari. Manhajoji sun fara gindaya sharaɗi. Red Hat na 9, wanda ya fito a 2022, ba ya tashi a kan ƙwaƙwalwa mai tsohon tsari, har ma a cikin baƙuwar da aka ɓoye wa fasahohin da yake buƙata. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma ba ta amince da mafi yawan ƙwaƙwalen da suka girmi 2017 ba.

Ga mai shago, darasin shi ne ya duba zubin ƙwaƙwalwar kafin ya biya kuɗin kwamfuta, ba kyawun murfinta ba. Ga bankuna da hukumomi kuwa, tambayar da ta kamata jama'a su yi musu ita ce: yaushe rabon da a sabunta mai masaukin da ke riƙe da kuɗi da bayanan manoma?